Carbi Uku na Baba Tsoho

Ranar Talata da hantsi aka kai Baba Tsoho makwancinsa. Kakana ne, shi ya haifi mahaifiyata, kuma a Gwarzo ba a kiransa da komai sai mai hoto. Ni aikina a kwanakin zaman makoki shi ne ɗibar ruwa daga randa in kai wa mata masu gaisuwa. Aikin ya yi mini daidai, domin mai riƙe da kofi ba a tsammanin ya yi dogon zance.

Na zaci kuka zan yi ta ji, sai na ji abin da ya fi kuka ɗaure mini kai. Wata tsohuwa daga Mainika ta gama "Ya haƙuri? Allah ya sa ya huta," sai ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan hoto da ya yi ja don tsufa, ta ce mijinta ne, Baba Tsoho ya ɗauka. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Da la'asar kuma muka jiyo dariya daga ƙofar gida, wurin maza. Mahaifiyata ta ɓata rai, ta aika a tambaya. Kawuna ya leƙo yana goge ido ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Tsofaffi huɗu ne suka ciro tsofaffin katunansu, sai ga su duka da riga ɗaya da hula ɗaya."

Rigar tana nan har yanzu, rataye a ƙusa. Shuɗiya ce mai aiki a wuya. Idan manomi ya taho daga gona da riga a yage yana neman hoton kati, sai Baba Tsoho ya ciro ta ya zura masa, ya gyara masa zaman hula, ya ce, "Ɗaga haɓa, Alhaji." Kowa Alhaji ne a gaban kyamararsa.

Inna, matarsa, kakata, ita ce ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi dariya ba. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, tana amsa gaisuwa da kai. Da mutane suka ragu na kawo mata ruwa, sai na ji ta ce, ba da ni take ba, "Ya tafi bai gaisa da ɗan'uwansa ba." Washegari ma ta faɗa. Abinci kuwa sai ta taɓa ta ture.

Duk gidan mun san maganar, ko da yake ba a yin ta. Baba Tsoho yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi a Masanawa ta ƙasar Kabo. Baba Ƙarami muke ce masa. Mahaifiyarsu ta ƙi hoto duk rayuwarta, sai sau ɗaya, da ƙanen ya yi ta lallashinta har ta yarda ta zauna. Bazara ce. Baba Tsoho ya ɗauka, ya dawo gida da ɗoki, ya haɗa wani sabon maganin wanki da aka yaba masa a Kano, da ruwan duro da ya wuni a rana. Da ya buɗe, fuskar fim ɗin ta saluɓe ta bi ruwa. Damina ba ta ƙare ba tsohuwar ta rasu. A wurin zaman makokinta Baba Ƙarami ya ce, a gaban mutane, "Ka wanke fuskar uwarmu ka zubar a kwata." Baba Tsoho ya ce, "Wanda bai iya komai ba sai fartanya ba shi zai koya mini aiki ba." Shi ke nan. Sama da shekara talatin suna haɗuwa a jana'iza da suna, su tsaya a sahu ɗaya, kowa ya kama hanyarsa. Dattawa sun shiga tsakani har sun gaji.

Abin da Inna take tsoro ke nan, cewa mijinta ya kwanta da yanke zumunci a wuyansa.

Ranar sadakar uku sai ga Baba Ƙarami, ɗansa ya kawo shi a babur. Rikicin tsufa ya fara kama shi. Ya shigo har tsakar gida ya durƙusa nesa da tabarmar Inna, ya yi gaisuwa tiryan-tiryan, sannan ya ce, "Ai ya zo. Kwanan baya ya zo. Mun sha fura a gindin ɗorawa, har ya yi mana hoto."

Inna ta ɗago kai. "Wa ya zo?"

"Yaya mana."

Ɗansa ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Inna, kada ki ɗauka da nauyi. Shekaranjiya ma cewa ya yi mahaifiyarsu ta zo ta karɓi tsintsiya. Mu dai ba mu ga kowa ba, amma da rana duk muna gona."

Inna ta ce akwai wata Laraba da Malam ya rataya kyamara ya fita tun safe, ya ce kasuwar Kara za shi, bai dawo ba sai bayan la'asar. To Kara ya je ko Masanawa? Idan Masanawa ya je, me zai sa ya ɓoye? Kawuna ya ce girman kai. Mahaifiyata ta ce Baba bai taɓa ƙarya ba, in ya ce Kara to Kara ce. Aka aika Kara, wasu suka ce sun gan shi, wasu suka ce ai wancan watan ne. Ni na rasa wanda zan gaskata. A nan ne Inna ta ce, "Ku duba kyamarar."

Akwai fim a ciki. Ɗan lissafin da ke samanta yana kan tara.

Kawuna ya zaga shagunan hoto uku a Kano. A biyu, samarin da ke wurin ba su taɓa riƙe fim ba. Na ukun ya ce sai dai a aika Legas. Inna ta ce abin nan ba zai bar gidan nan ba. Sai duk ido ya dawo kaina, wai don ina karanta Kemistiri a jami'a. Na so in ce abin da muke yi a aji daban ne, ban taɓa wanke hoto ba, iyakata kallo. Kafin in faɗa, Inna ta ce, "Ke 'yar boko, ba ke ce kullum a gindinsa ba?"

Gaskiya ne ina zama wurinsa, amma don shi kaɗai ne a gidan ba ya tambayata me ya sa ba na magana. Ya daina sana'ar tun da waya ta shigo hannun kowa, sai dai bai daina yi wa kansa ba. Wani tsohon abokin sana'arsa yakan aiko masa da fim jefi-jefi, shi kuma ya ɗauki awaki, da masu ɗinkin hula, da bishiyoyi. Yakan ce mini, "Amarya, hoton waya kamar gaisuwar kan babur ne." Yana kuma da wata magana da Inna ta tsana: "Fim da gawa sau ɗaya ake wanke su. In ka kuskure, babu sakewa." Duk sanda ya faɗa sai ta ce, "Malam, ka daina wannan baƙin misali a gidana." Yanzu maganar ce take ta yawo a kaina.

Ɗakin duhunsa ɗan ƙaramin ɗaki ne kusa da madafa, an toshe tagarsa da kwali da baƙin bargo. A kan kanta na sami abu uku. Jarka mai ruwa garau, an rubuta mata "na biyu", wato maganin da ke kafe hoto bayan ya fito. Wannan ba ta da rikici. Rikicin yana wurin na farko, mai fito da hoton, domin guda biyu ne. Akwai gwangwani mai farin gari, rabi ya rage, ya ɗan dunƙule. Akwai kuma wata ƙaramar kwalba mai ruwa baƙi ƙirin kamar an dafa shayi an manta, bakinta duk ya yi ɓawo. Takardun jikinsu sun goge.

Kawuna ya ɗaga kwalbar ya kalla ya ce, "Wannan ai ta mutu tun zamanin soja. Zubar da ita za ki yi. Ga gari fari tas." Ɗan gwaggona, wanda komai sai ya duba a waya, ya ce ya ga ana wanke fim da garin kofi da sodar wanki, wai har ya fi. Mahaifiyata ta ce ni dai in yi istihara. Kwana huɗu ina karatu a waya, kowane shafi yana rushe na bayansa. Wani ya ce gari ya fi rufa wa tsohon fim asiri. Wani ya ce garin da aka buɗe ya sha iska ba a yarda da shi. Wani ya ce irin baƙin ruwan nan yakan shekara da shekaru bai mutu ba, wani ya ce nasa ya mutu bai ba shi sanarwa ba. Na cika shafi shida da rubutu, na fi ranar farko ruɗewa.

Na san abin da Baba Tsoho yake cewa a kansu. "Gari mai sutura ne, baƙin ruwa mai gaskiya." Amare da jarirai da gari yake wanke su, fuska ta fito sumul. Tsofaffi kuwa da baƙin ruwa, kowace tamoji ta fito, hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa kamar an yayyafa gero. Amma wannan bai gaya mini wanne ne yake da rai ba. Kuma ban san ko garin nan irin wanda ya cinye fuskar mahaifiyarsu ba ne, ko kuwa ruwan duro ne kaɗai mai laifi. Ban taɓa tambayarsa ba. Abubuwa da yawa ban tambaye shi ba, ina ganin shirun da muke yi tare ya isa.

Littafinsa na samu a ƙarƙashin kantar, cikin leda. Na yi murna, na ce ga amsa. Da na buɗe sai na ga babu minti ko ɗaya a ciki. Ga irin abin da ya rubuta, da boko wani wurin da ajami: "Baƙin ruwa, sirinji ɗaya a kofin silba. Ruwan randa, da safe. Carbi uku." A wani shafin: "Gari, carbi huɗu. Da sanyi a ƙara rabi." A shafin farko kuwa, da babban rubutu, an ja layi biyu a ƙasa: "Kada a ƙara taɓa ruwan duro."

Sirinjin yana nan, kofin silba yana nan, na auna su na rubuta. Amma carbi uku minti nawa ne? Na ɗauki carbinsa na ja, ina duba agogon waya: minti ɗaya da rabi. Na ba mahaifiyata ta ja: minti biyu da ɗan kai. Kawuna ya ja kamar ana korarsa. Tsakanin nawa da na mahaifiyata akwai tazarar da za ta iya barin fim fari fat. Kuma me yake faɗa a kan kowace ƙwaya? Salati ya fi tasbihi tsawo. Na zauna a ƙofar ɗakin da littafi a cinya, na ji hawayen da ban yi ba ranar Talata suna neman zuwa.

Inna ta hango ni daga tabarmarta. "Ke, me aka yi?"

Na gaya mata. Ta ce, "Istigfari yake yi. Tun daga abin nan na mahaifiyarsu bai ƙara duba agogo ba, ya ce agogo na hannunsa ranar, bai hana komai ba." Ta gyara zama. "Kuma shi ba ya gudu da shi. Ja yake yi. Shekara nawa ina jin sa ta bangon nan ina dama koko. In ya kai ƙwayar da ke raba talatin da uku, sai in ji ya juya ɗan tankin da yake wanke fim a ciki, ƙwal, ƙwal, ya buga shi a kan kantar nan. Kafin ya gama carbi uku na sauke tukunya."

Na miƙa mata carbin. Ta ja, ina duba waya a ɓoye. Talatin da uku ta ɗauke ta minti guda, ba ƙari ba ragi. Ta sake, haka. Littattafan da na karanta duk sun ce a riƙa juya tanki kowane minti ɗaya. Na dube ta, na dubi wayar, na kife ta a ƙasa.

Saura zaɓi. A cikin duk abin da na karanta, abu ɗaya ne kowa ya yarda da shi: a yanki ɗan harshen fim da ke leƙowa waje, a tsoma a maganin a cikin haske. In ya yi baƙi, maganin na da rai. Harshen bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Na raba shi biyu da almakashin Inna. Na jiƙa garin, na tsoma rabi. Na haɗa baƙin ruwan, na tsoma ɗaya rabin. Na so ɗaya ya mutu sarai don a hutar da ni, amma duka biyun suka yi aiki. Na kwalba ya yi baƙi wuluk nan da nan. Na gari ya yi ta jan jiki, ya tsaya a toka-toka mai duhu.

Kawuna ya ce, "To ai ga shi, garin ma yana yi. Kuma kin ce shi ne mai fito da fuska da kyau."

Na ce, "Kawu, ba kyau muke nema ba." Ban san daga ina maganar ta fito ba. Shi ma sai da ya dube ni.

Washegari bayan sallar asuba, gari ya fara haske, na ɗebi ruwan randa, na haɗa baƙin ruwan. Na shiga na rufe ƙofa, na ja bargo. Naɗa fim a cikin duhu ya fi duk abin da na karanta wuya. Sau biyu yana kuɓuce mini, ina jin kamar ina taɓa abin da ba a ba ni izini ba. Da na rufe tankin na buɗe ƙofa, Inna tana zaune a bakinta, ta jawo tabarmarta da kanta.

Na ce, "Inna, zan zuba."

Ta ce, "Bismillah."

Ta fara. Ba muryarta ta kullum ba ce. Ta saukar da ita, tana jan ƙarshen kalmar yadda yake yi, har da ɗan numfashin da yake ja bayan kowace goma. Mahaifiyata ta fito daga ɗaki da buta, ta tsaya cak, ta koma ciki da sauri. Ni kuwa in Inna ta kai ƙwayar rabo sai ta ɗaga yatsa, in juya tankin, in buga shi a kan kantar. A carbi na biyu na tabbata na yi kuskure, na tabbata garin ya kamata in ɗauka. A na uku na daina tabbatar da komai. Ta kai ƙarshe ta ce, "Zubar." Na zubar, na ɗauraye, na zuba na biyu, na jira, na yi ta ɗauraya har randa ta kusa rabi.

Da na warware shi a hasken tsakar gida, akwai hotuna. Tara. Sai dai dodon hoto ne, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari, ban iya karanta shi ba. Na rataye shi a igiyar shanya da abin maƙale kaya, muka zauna muna gadinsa kada ƙuda ya sauka. Da ya bushe na kara shi a jikin farin kwano a rana, na ɗauka da waya, na juya launin.

Na ɗaya awaki. Na biyu awaki. Na uku mai gyaran keke. Na huɗu zuwa na shida kasuwa ce, kawuna ya ce Kara ce, ya gane rumfar. Mahaifiyata ta ce, "Ban gaya muku ba?" Na bakwai hanya ce kawai da karan dawa. Na takwas ya motsa, ba a gane komai.

Na tara, Baba Ƙarami ne zaune a kan tabarma a gindin ɗorawa, shi kaɗai, baki buɗe yana dariya. Kowace tamoji ta fuskarsa ta fito.

Kawuna ya ce, "To ya je. Amma ina shi? Ai Baba Ƙarami cewa ya yi an yi musu tare. Kuma wa ya sani ko daga nesa ya ɗauka ya juyo?"

Inna ta karɓi wayar. Ba fuskar ta kalla ba. Ta ce in buɗa mata ƙasan hoton, na buɗa da yatsu biyu. Ga ƙwarya a tsakiyar tabarma, da ludayi biyu a ciki. A bakin tabarmar kuma ga takalma ƙafa biyu. Ɗaya na roba ne irin na gona. Ɗayan na fata ne, kuma a kan maɗaurinsa na dama ana ganin ɗinki, zare fari, ɗaya bayan ɗaya har guda biyar.

Ta ce, "Ni na ɗinke shi. Baƙin zare ya ƙare mini." Ta ajiye wayar a kan tabarma. "Ya cire takalmi. Ya zauna."

Sai a lokacin ta yi kuka. Da azahar ta ce a zubo mata tuwo, ta cinye, ta ce miyar ba gishiri.

Har yau ban san ko garin zai fito da zaren nan ba. Wataƙila zai fito da shi. Ban kuma san me ya sa Baba Tsoho bai gaya wa Inna ba, ko jira yake ya wanke hoton ya tabbata ya fita, sannan ya yi magana. Ban san me suka ce wa juna ba, ko ma ba su ce komai ba, fura kawai suka sha. Na rubuta wannan ne don kada a wayi gari a tuna da shi a matsayin mutumin da ya yi gaba da ƙanensa shekara talatin, a manta da Larabar.

Bayan sadakar arba'in kawuna ya sa aka buga hoton a takarda, muka kai Masanawa. Mun sami Baba Ƙarami a gindin ɗorawar. Ya riƙe hoton da hannu biyu, ya kawo shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya daɗe. Ya ce, "Wannan tsohon fa, ina na san shi?" Ɗansa ya ce, "Kai ne, Baba." Ya yi dariya irin ta cikin hoton. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ke jikar Yaya ce ko? In kin koma ki ce masa wannan ya fita. Ki ce masa na ce wannan kam ya fita."

Na dubi kawuna, kawuna ya dubi ƙasa. Na ce, "To, Baba. Zan gaya masa."

Allah ya karɓi istigfarin da ya yi ta ja a cikin ɗan ɗakin nan, ya haskaka masa inda yake kwance, ya haɗa shi da mahaifiyarsa ya ga fuskarta.